Amsa: Hoton farar shadda yana ƙonewa idan na ƙara haske

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Gusau. Ka ce hotunan yadin da kake ɗauka a shago suna fitowa dusu-dusu, in ka ƙara haske a Photoshop kuma sai farar shadda ta ƙone, zanenta ya ɓace.

Ka bar Brightness, domin yana taɓa hoton gaba ɗaya. Fara danna Ctrl+J ka kwafi hoton don asalin ya zauna lafiya, sannan Ctrl+L ka buɗe Levels. Za ka ga kibiyoyi uku ƙarƙashin wani tudu. Jawo baƙar zuwa inda tudun ya fara. Farar kuwa, riƙe Alt kana janta a hankali: allon zai yi baƙi, kuma duk wurin da ya fara haskawa, nan ne ke ƙonewa, sai ka koma baya kaɗan. Ta tsakiyar ce ke buɗe duhu, 1.10 zuwa 1.25 ya wadatar.

Idan ƙwan shago ya sa yadin ya yi ruwan ɗorawa, ɗauki bututun tsakiya (eyedropper) daga cikin ukun da ke Levels ka danna wani abu mai ruwan toka a hoton.

Wajen launi yi amfani da Vibrance, kada ya wuce 20. Ka bar Saturation, domin tana sa atamfa ta fi zahirinta ja, mai saye ya dawo da kaya.

Unsharp Mask, mai ƙara wa hoto kaifi, a ƙarshe: Amount 80, Radius 1, Threshold 3. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi.