Me ya sa haruffan kibod ba su bi jerin A, B, C ba?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa haruffan kibod suke a hargitse. Gadon tafireta ne.

Christopher Latham Sholes, wani ɗan jarida a Milwaukee ta Amurka, da abokan aikinsa sun yi wa na'urarsu rajista a 1868, kuma da farko jerin abacada suka bi. Kowane harafi yana bakin wani siririn ƙarfe da ke tashi ya bugi takarda. In aka danna maƙwabta biyu da sauri, sai su sarƙe, aiki ya tsaya cak. Sholes ya yi ta sauya wa haruffan wuri har aka samu tsarin QWERTY na yau (haruffa shida na farko a layin sama ke nan), kamfanin Remington mai ƙera bindigogi ya fara sayar da injin a 1874. Dubi layin tsakiya, D F G H J K L, ragowar tsohon jerin ne.

Masu cewa don a rage wa mutane sauri aka yi, ni dai ban yarda ba, sarƙewa ake gudu. Kwamfuta ba ta da waɗannan ƙarafa, amma hannu ya riga ya saba. August Dvorak, wani malamin jami'a a Amurka, ya fito da nasa tsarin haruffan a 1936, 'yan tsiraru ne suka bi shi.