Tambaya da Amsa: Zan Sake Ƙaurace wa Albasa da Alkama, Amma Zuciyata Ta Karaya

Wata 'yar'uwa daga Zariya: Bara likita ya ce kumburin ciki da murɗawar da nake fama da su na hanji ne, ya sa na daina cin albasa, tafarnuwa, alkama, wake da madara. Na samu sauƙi sosai. Sai bikin ƙanwata ya zo na ci komai, ciwo ya dawo. Yanzu an ce in sake, ni kuwa ko tunawa na yi sai in ji kamar in yi kuka.

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ƙara lafiya. Ba ragwanta ce ta kayar da ke ba, aikin ne aka bari a rabi. Wannan tsari, wanda masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fito da shi, mataki uku ne. Na farko ƙauracewa, kuma sati 2 zuwa 6 ne kawai. Na biyu dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya don a kama mai laifi. Na uku ki koma cin duk abin da cikinki ya karɓa. Ke kin tsaya a na farko, shi ya sa da kika ci komai rana guda ba ki san wanda ya tayar da ciwon ba.

Wannan karon ki sa ranar farawa da ranar gamawa a kalanda, kuma ki duba kada su faɗa kan Sallah, azumi ko wani biki na dangi. Wahalar da aka san ƙarshenta ta fi sauƙin ɗauka. Sannan ki rubuta abin da za ki ci, ki manna a madafa: tuwon shinkafa, na masara ko na dawa, kunun gero, dankalin turawa, ƙwai, kifi, nama, tumatir, karas, kokwamba, lemo da abarba. Yawanci ba yunwa ke karya mutum ba, miya marar ɗanɗano ce. Ki yi amfani da lawashi, wato koren ganyen albasa, ban da farin gindin. Tafarnuwa kuma ki fasa ƙwaya 2 ko 3 ki soya a mai, ki tsame su tas kafin ki zuba komai. Sinadarin da ke kumbura ciki ruwa yake bi, ba ya narkewa a mai, don haka ƙamshin zai zauna ba tare da fitinar ba. Amma kada ki jefa ta cikin romo ki ce za ki tsame daga baya, ta riga ta saki abin. Ki karanta bayan kwalin dunƙule, da yawa akwai garin albasa a ciki, haka yajin tsire sau da yawa akwai tafarnuwa a ciki.

Idan lokacin gwaji ya yi, abu ɗaya ake ɗauka, kwana 3. Misali madara: rubu'in kofi ranar farko, rabi rana ta biyu, cikakken kofi ta uku. Ki huta kwana 2 ko 3 kan abincin ƙauracewar, sannan ki ɗauki burodi, yanka ɗaya, sai biyu. Kada ki gwada da ƙosai ko alale, domin wake da albasa ne a haɗe, ba za ki san wanda ya yi ɓarnar ba. Komai ki rubuta a ɗan littafi: abin da kika ci, yawansa, da yadda cikin ya kwana. Mutane da yawa sukan tarar abu ɗaya ko biyu ne kawai ke damunsu, sauran duk su dawo.

Wani bawan Allah daga Kano: Akwai masu na'urar da ake riƙe ƙarfe a hannu, kwamfuta ta fitar da abincin da jiki ba ya so. Kuɗin da yawa, amma an ce ya fi wannan dogon gwajin. In biya?

Kada ka biya ko sisi. Malam, ta yaya ƙarfen da ka damƙa na minti ɗaya zai san abin da wake ke yi a hanjinka? Takardar da za su miƙa maka cike take da jajayen layuka, kuma da ka ɗaga kai za ka ga robobin maganin da za su "gyara" layukan a jere a bayan mai shagon. Na'urar ƙofar shago ce kawai, cinikin yana cikin robobin.

Har gwajin jini mai suna IgG da ake tallatawa a Facebook da Instagram, wanda ke fitar da jerin abinci barkatai, ƙungiyoyin likitocin borin jini na Turai da Amurka ba su yarda da shi ba wajen gano abincin da ke cutar da mutum. Galibi abin da kake yawan ci yake nunawa. Sai ka ga an hana magidanci shinkafa, ƙwai da gyaɗa babu dalili, ya rame, ya koma sayen garin waje mai tsada. Haka shayin "wankin ciki": yawancinsa mai sa zawo ne, irin su filasko, kuma zawon da zai jawo zai rikita maka lissafin gwajin gaba ɗaya. Ko ka ga lambar NAFDAC a kwalin maganin gargajiya, ba shaida ba ce cewa an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta. Abin takaici, mutumin da zai yi ciniki mai zafi kan mudun shinkafa shi ne zai zare kuɗin nan bai tambayi komai ba. Ka kai kuɗinka asibiti a duba bayan gida saboda tsutsar ciki, a duba ƙwayar cutar da ke haddasa olsa, ka nemi ganin masanin abinci a asibitin koyarwa. Idan kuma ana zargin alkama ce ke lalata maka hanji, kada ka daina cinta kafin a ɗebi jini, domin dainawar na iya ɓoye cutar a sakamako.

Daga Maraɗi: In na ƙaurace duk sati, zan iya cin gurasa ranar Juma'a kaɗai?

A satuttukan farko, a'a. Bincike kake yi, kuma gurasar nan za ta ɓata maka kwanaki. Idan ka ci bisa kuskure ba sai ka koma farko ba, rubuta ka ci gaba.

Wata budurwa: Ƙawata ta rame da wannan tsarin, in bi don rage ƙiba?

Ba don haka aka yi shi ba. Ki bar wa masu ciwo abinsu.

Wata uwa daga Katsina: Ɗana ɗan shekara 3 leɓɓansa sun kumbura da ya ci gyaɗa. Mun daina ba shi wata shida, in ɗan gwada masa?

Don Allah uwar ɗaki, kada ki gwada a gida, ko ɗan lasa ne. Kumburin leɓe, borin jini ko sarƙewar numfashi wani lamari ne daban, kuma karo na biyu na iya fin karo na farko tsanani. Gwajin irin wannan a asibiti ake yi gaban likita. Ki kiyaye ƙuli-ƙuli, yaji, kunun gyaɗa da man gyaɗa na gida, ki sanar da makarantarsa da maƙwabta. Yara, masu juna biyu da masu shayarwa ba sa shiga doguwar ƙauracewa sai da kulawar likita. Manya ma, duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko zawo na tayar da shi cikin dare, ya ajiye zancen abinci ya tafi asibiti a satin nan.