Ga mai tambaya kan kalmomin Turanci masu ƙarewa iri ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kina shirin rubuta JAMB, burinki karatun aikin jinya, amma kalmomi irin su democracy da autocracy, hepatitis da arthritis, sun hana ki sakat. Ki haddace da dare, gari na wayewa sun gudu. Shi ne kike neman wanda yake da dogon jerinsu da ma'anoninsu ya turo miki.

Jeri kam akwai, amma ba shi zan ba ki ba. Na daɗe ina koyar da Turanci a nan Jos, da safe a makaranta, da yamma darasi a Anguwan Rogo, kuma na ga yara da yawa sun sha wahalar da kike sha. Mai haddar jeri, ranar da aka kawo masa kalmar da ba ta cikin jerinsa, sai ya tsaya cak. Wanda ya san aikin wutsiyar kalma kuwa, ko bai taɓa ganin kalmar ba zai lalubo ma'anarta.

Ki fara dubawa daga harshenmu. Wa ya taɓa zaunar da ke ya ce ki haddace cewa Kanawa mutanen Kano ne, Katsinawa na Katsina, Haɗejawa na Haɗeja? Babu. Kunnenki ne ya gane cewa wannan "awa" ta ƙarshe jama'ar wuri take nufi. Haka Turanci, Larabci, Fulatanci, Sakkwatanci, da jin ƙarshen kin san harshe ko karin harshe ake magana. Haka abokantaka, maƙwabtaka, dangantaka. Malaman nahawun Hausa suna kiran wannan ɗafa-ƙeya, na gaban kalma kuma ɗafa-goshi. To Turanci ma haka yake, sai dai yawancin wutsiyoyin da suke ba ki wuya aro ne daga harshen Girka da na Latin, shi ya sa kike jin su baƙi.

Bari in ba ki labarin da ya sa ba na wasa da wannan darasi. Akwai wani maƙwabcina, dattijo, yana noman lambu a bakin ɗaya daga cikin tafkunan nan da masu haƙar kuza suka bari wajen Bukuru, yana kai kayansa kasuwar Farin Gada. Wata shekara tsutsa ta kama masa kabeji, sai ya aiki yaro ya sayo maganin ƙwari. Aka kawo, ya gauraya, ya yi feshi. Bayan kwana biyu ya zo ƙofar gidana da magariba, robar maganin a hannu, ga wani ganye a aljihun riga ya yi rawaya, ya yanƙwane kamar an gasa. Ya ce, "Malam, don Allah duba min abin nan." Na haska fitilar waya. A jikin robar an rubuta herbicide. Wallahi sai da na yi shiru kafin na iya gaya masa cewa maganin ciyawa ya fesa wa shukarsa. Kwami wajen ashirin ya rasa.

Wannan cide ɗin daga Latin take, ma'anarta kisa. Abin da ke gabanta shi ake kashewa. Herbicide na kashe ciyawa, insecticide na kashe ƙwari, fungicide na kashe irin cutar nan ta fumfuna da ke addabar masu dankalin turawa a Bokkos da Mangu idan damina ta yi nisa. Pesticide kuma sunan da ya tattara su ne. Da wutsiyar nan dai ake faɗin manyan abubuwa masu nauyi: homicide kisan mutum, suicide mutum ya kashe kansa, infanticide kisan jariri, genocide kisan kiyashi kan wata al'umma. Ta ƙarshen nan ma ba tsohuwar kalma ba ce, wani lauya ɗan ƙasar Folan mai suna Raphael Lemkin ne ya ƙirƙire ta a 1944.

Tunda jinya kika sa gaba, ki riƙe itis da hannu biyu. Duk inda kika gan ta, kumburi ne ko ruruwar wani sashe na jiki, aikinki kawai ki gano wane sashe. Hepatitis hanta, arthritis gaɓoɓi, gastritis tumbi, nephritis ƙoda. Meningitis ita ce sanƙarau, kumburin 'yar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, cutar da ta yi mana mummunar ɓarna a Arewa a 1996. Conjunctivitis shi ne jan idon da muke kira afolo, sunan da ya samo asali daga kumbon Apollo 11, don a 1969 annobar ta ɓulla a Ghana, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a duniyar wata.

Daga nan sai ki ƙara ectomy, wato a yi tiyata a cire abu. Mastitis kumburin mama ne, yakan samu masu shayarwa, amma mastectomy cire maman ne baki ɗaya. Kin ga tazarar da ke tsakaninsu, alhali gaban kalmar ɗaya ne. Ranar da za ki tsaya gaban majinyaciya da takardarta a hannunki, wannan bambancin ba na cin jarrabawa ba ne kawai. Kuma ki lura da daɗin abin: da kin san nephr ƙoda ce, kin samu nephritis, kin samu nephrectomy, kin samu nephrology a lokaci guda.

Wannan logy ɗin kuwa ilimin abu take nufi, kuma mu 'yan Jos misalanta suna kewaye da mu. Nakan kai ɗalibaina gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, mu tsaya gaban kawunan yumɓun Nok da aka fara tsinta wajen haƙar kuza, in ce musu ga archaeology, ilimin tono kayan mutanen da. Mu leƙa gidan namun daji da ke gefensa, ga zoology. Mu kalli duwatsun Shere daga nesa, ga geology. Yaron da ya ga abu da idonsa ba ya mantawa.

Cracy ba za ta ba ki wahala ba, mulki ce. Democracy mulkin jama'a, wanda muka koma kansa a 1999. Autocracy na mutum ɗaya, plutocracy na masu kuɗi, theocracy mulki da sunan addini, gerontocracy na dattawa. Bureaucracy kuma daga kalmar Faransanci ta teburin ofis aka samo ta, mulkin ma'aikata da fayil-fayil.

Akwai wata da take kayar da manya ma: er da ee. Mai er shi ke aikatawa, mai ee shi ake yi wa. Employer mai ɗauka aiki, employee wanda aka ɗauka. Interviewer mai yin tambaya, interviewee mai amsawa. Payee wanda za a biya, ki duba takardar banki za ki gani.

Sai dai in ja kunnenki, ba duk mai wutsiya iri ɗaya ba ne ɗan gida. Coincide ba ta kashe kowa, apology ba ilimin komai ba ce, neman gafara ce, coffee ba wanda aka yi wa wani abu ba ne. Less tana nufin rashi, careless marar kula, to amma priceless ba marar daraja ba ne, abu ne da ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi. Masu tsara jarrabawa suna son irin waɗannan ƙwarai. Don haka wutsiya ta nuna miki hanya, jimlar da kalmar ke ciki ta tabbatar miki.

Wutsiyar tana taimako har a tambayoyin inda ake danna murya cikin kalma. Masu ƙarewa da tion ko ic, a gaɓar da ke dab da wutsiyar ake dannawa: eduCAtion, demoCRAtic. Masu cracy da logy da ity kuwa a gaɓa ta uku daga ƙarshe: deMOcracy, biOlogy, aBIlity. Ki riƙa furta su da ƙarfi kina wanke-wanke, kunne ya saba.

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu, kowace wutsiya ki ba ta shafinta. Kada ki kwafo daga intanet. Ki cika shi da kalmomin da kika ci karo da su da kanki, a tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC, a jarida, a 'yar takardar da ke cikin kwalin magani. Kafin ki buɗe ƙamus ki fara rubuta abin da kike zato, sannan ki duba ko kin dace. Wadda ta gagare ki, ki kawo ta nan tare da jimlar da kika gan ta a ciki, in sha Allahu za mu warware ta tare. Allah ya ba ki sa'a.