Amsa ga mai tambaya kan cizon gizo-gizo da fitsarin tautau

Hajiya, kin ce yaronki ya tashi da safe da ƙuraje masu ruwa a wuya, maƙwabta suka ce tautau ne ya yi masa fitsari, kina son sanin abin da dafin gizo-gizo yake yi wa jiki. Na daɗe ina aikin jinya a ƙauyukan kewayen Maradi, kuma mafi yawan abin da aka kawo mini da sunan tautau ba gizo-gizo ne ya yi shi ba.

Idan damina ta zauna, ƙwaro irin hangara yakan biyo hasken fitila, mutum cikin barci ya murje shi a fata, ruwan jikinsa ya tayar da bororo kamar ƙunar wuta. Idan kuwa ƙurajen sun jeru a gefe ɗaya na jiki suna zugi, sau da yawa ciwon jijiya ne da ƙwayar cutar ƙarambau take tayarwa bayan shekaru.

Cizon gizo-gizo mai dafi na gaske da aka fi sani kala biyu ne. Akwai dangin Latrodectus, masu jan tabo ko ruwan goro a ƙarƙashin ciki, waɗanda dafinsu yake kama jijiyoyi: cikin awa ɗaya zafi ya bar wurin cizon ya bi cinya ko baya, nama ya riƙa murɗewa, gumi ya karyo, jini ya hau. Na taɓa ganin wani manomi da aka ciza yana kwashe damman gero daga rumbu, cikinsa ya sandare kamar allo har 'yan uwansa suka ɗauka guba ya ci, amma da allurar rage zafi ya warware cikin kwana 3. Dangin Loxosceles kuwa dafinsu naman wurin cizon yake cinyewa; wurin ya yi ja, tsakiyarsa ta yi baƙi, ya zama miki mai daɗewa.

Ki wanke wurin da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki fasa bororon. Tsaga da shafa toka su ne suka fi ɓata mana aiki, domin su ke jawo ruɓa. Idan zazzaɓi ya shigo, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ki kai shi likita a ranar, a duba har da rigakafin tetanos.