Neman bayanan kakan da ya je yaƙin Bama

Malam, ka ce kakanka ya yi aikin soja a zamanin Turawa, an ce ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, kuma ba ka da komai a hannu sai sunansa da wani tsohon hoto, shi ne kake tambayar inda za ka fara. Na shafe kusan shekara huɗu ina irin wannan bincike a kan ƙanin kakana, kuma abin da na gane shi ne, suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, lambar soja ce ke buɗe hanya.

Dalili kuwa, akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ne ya haɗa da sunan garin mutum, shi ya sa a bataliya guda za ka tarar da Audu ko Musa barkatai, kowanne da Kano ko Bauchi ko Sakkwato a bayansa. Ga kuma rubutun Bature, wanda yakan mai da Garba ya koma Garuba, Muhammadu ya koma Momadu. Lambar sojan Najeriya a Yaƙin Duniya na Biyu yawanci tana farawa da haruffan NA, kuma a takardar sallama ko littafin albashi ko takardun fansho ake samunta. Ni a ƙasan akwatin ƙarfe na wata gwaggona na tsinci tamu, bayan na ɓata wata shida ina zarya a wani ofis inda kullum sai a ce in dawo mako mai zuwa. Saboda haka ka fara da tsofaffin gida, musamman mata, domin su ne ke adana irin waɗannan takardu. Kada ka dogara da lambobin yabo, domin tauraron Bama da ire-irensa an raba su ne ba tare da an zana suna a jiki ba.

Idan ka sami lambar, sai ka nemi bataliyarsa. Sojojinmu na RWAFF, wato rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, sun je Bama ne a cikin runduna ta 81, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, da ta 82, wadda ta bi yankin Arakan, su biyun kuma suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an tura su cikin dakarun Chindit masu kutsawa ta bayan abokan gaba, waɗanda barikin Zariya ke ɗauke da sunansu har yau. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta al'amuranta na yau da kullum suna ma'adanar tarihi ta Kew a Ingila, na Bama a jerin WO 172, na Afirka ta Yamma a WO 173. Sai dai kada ka sa rai da yawa, domin hafsoshi ake ambata da suna, kurtu kuwa da wuya, amma za ka san inda suka kwana da ranar da suka ƙetare kogi, wanda ni a wurina ya fi komai daraja.

In kuwa bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tana da rumbun bincike kyauta a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. A gida, ka leƙa ma'adanar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, duk a Kaduna, sannan ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku, ka kuma tafi da kwafin hoton, domin bajo da hular da ke jikinsa kan nuna wa masani muƙaminsa da rundunarsa.