Likita, Za Mu Kai Yara Bakin Teku, Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya shirya mana tafiya Zanzibar da yaranmu biyu a hutun ƙarshen shekara. Za mu sauka a wani ɗan bakin teku kusa da Nungwi, a yi iyo, a huta, a shiga kwale-kwale a je kallon kifi da tabarau da bututun numfashi. Shi ya koyi ruwa a madatsar ruwa ta Tiga tun yana yaro, ni kuwa ko kaɗan. Babban yaron shekararsa 9. Tun da aka yanki tikiti barci ya ƙaurace min. Surukata ta aiko da laya, ta kuma ce in yaro ya sha ruwa a kife shi a danna cikinsa ya amayar. Haka ne? Daga Maman yara, Rijiyar Zaki, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku yi tafiyarku, Allah ya kai ku lafiya. Nungwi tana ƙuryar arewacin tsibirin Zanzibar, ruwanta ba ya janyewa nesa irin na gabas wajen Paje, kallon kifin kuma galibi kewayen tsibirin Mnemba ake kai baƙi. Kowa ya sa rigar ceto kafin ya taka kwale-kwale, har da Alhaji, domin ruwan Tiga a kwance yake, teku kuwa tana ja. In ta ja mutum ciki, kada ya yi kokawa da ita. Ya saki jiki ya yi ta shawagi, ko ya yi iyo a gicciye ta tsawon gaɓa har ya fita daga inda take jan. Yaron ya saba da bututun inda ruwa ke iya ƙugunsa tukuna. A saya musu takalman roba saboda wata halitta mai ƙaya da ke maƙale a duwatsu. Ke kuma aikinki ido, ba waya ba. Wanda ke nutsewa ba ya iya ihu, bakinsa na neman iska ne kawai.

Maganar surukarki, Hajiya babba, ita ce ta fi tayar min da hankali. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, haka kusan kowa a Kano ya taso ya ji. Amma kuskure ne, kuma yana cin rayuka.

Duk damina sai an kawo mana yaran da aka tsamo daga kududdufai. A shigo da yaro cikin A Daidaita Sahu, hancinsa toshe da amai, cikinsa duk shatin hannu. In ka tambaya me aka yi masa, sai a ce da kai an riƙe ƙafafunsa an zazzage shi kamar buhu, ruwa ya fito da yawa. Ka ce wa ya hura masa iska? Kowa ya yi shiru. Wallahi abin na ƙona min rai.

Ruwan da ke fitowa in an danna ciki daga tumbi yake, ba daga huhu ba, kuma tare da abinci yake tasowa, ya gangara hanyar numfashi ya ƙara toshe ta. Wanda ya shiga huhu sau da yawa kaɗan ne, jini ke tsotse shi, babu dannar da za ta fitar da shi. Abin da ke kashe mutum rashin iska ne. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, mu kuma waɗannan mintocin muke ƙonawa wajen kifewa da jijjigawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ga abin da za ki yi in an tsamo yaro daga ruwa. Ki kwantar da shi rigingine a kan yashi mai tauri, ki tura wani neman taimako. Ki ɗaga haɓarsa, ki duba numfashi na daƙiƙa 10. In ba ya yi, ki toshe hancinsa, ki haɗa bakinki da nasa, ki hura sau 5 kina kallon ƙirji na tashi. Sai ki danna tsakiyar ƙirji, ba ciki ba, sau 30 da sauri, kamar danna 100 zuwa 120 a minti, ki hura sau 2, ki ci gaba a haka. Ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa. In ya yi amai, ki juya shi gefe, ki share bakin, ki koma aiki. In yana numfashi da kansa, ki bar shi kwance a gefe, a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo yana surutu, a kai shi asibiti, don huhu kan rikice bayan wasu sa'o'i.

Na san za a ce kunya, ko ƙyama, wai yaya za a sa baki a bakin wani. Mu ji tsoron Allah. Rai na fita muna maganar kunya? Su kuma masu sayar wa samari "maganin ruwa" suna ce musu kogi ba zai ci su ba, haƙƙin duk yaron da ya faɗa ruwa da wannan ƙarfin guiwar yana wuyansu. Ku yi addu'ar tafiya, ku yi azkar, sannan ku ɗaure rigar ceto da kyau. Kafin ranar tashi, ke da Alhaji ku nemi ofishin Red Cross na Kano ku gwada dannar nan da hannunku, in ya yiwu ku ɗauki Hajiya babba ku je tare.