Filin Anti Famasi: Wai mene ne rasidensi, ba shi ne intanship ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai bana na gama karatun harhaɗa magunguna, an rantsar da mu, yanzu ina jiran wurin intanship. Toh a guruf ɗinmu na WhatsApp kullum gardama ake kan wani abu wai shi rasidensi, wasu su ce ai intanship ɗin ne aka canza masa suna, wasu su ce na likitoci ne mu ba ruwanmu, wata kuma ta ce sai a Amurka ake yinsa. Ni kuma har ga Allah aikin asibiti nake so, ba na so in ƙare a bayan taga ina miƙo magani ina cewa biyu safe biyu yamma har in tsufa. Abbanmu kuma ya ce ina gama bautar ƙasa shago zai buɗe min. Dan Allah ki warware min. Ƙanwarki ce daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da kammalawa, Allah ya sa albarka a abin da aka karanto. Ƴan guruf ɗin naku kowa ya taɓo gaskiya kaɗan ya saki.

Intanship dai dole ne, wata 12, a wurin da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, ta amince da shi, ƙarƙashin wani babba mai lasisi, in kin gama ki zauna jarrabawarsu ta PEP sannan a ba ki cikakkiyar rajista, sai bautar ƙasa. Wannan ba zaɓi ba ne, ko shago za ki buɗe ko kamfani za ki shiga sai kin bi ta nan. Shi kuwa rasidensi bayan lasisi yake zuwa, kuma ganin dama ne, ba wanda zai kama ki don ba ki yi ba. Asalin kalmar ma daga zama ne, don a da can masu wannan horon a cikin asibitin suke kwana suke tashi. A intanship ana koya miki yadda ake aikin ne, a rasidensi kuwa ɗora miki marasa lafiya ake, a ce maganin waɗannan gadajen yana wuyanki, wani babba na tsaye a bayanki yana kallo.

Wadda ta ce Amurka ba ta yi ƙarya ba, can abin ya fi tsari. Ƙungiyar famasist na asibiti ta ƙasar, ASHP, ita ke tantance shirye-shiryen tun shekarun 1960. Shekarar farko suna ce mata PGY1, ana juya mutum kusan wata-wata, yau sashen manya, gobe ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai, jibi yara, sai gaggawa, sai cututtuka masu yaɗuwa, ga aikin ƙarshen mako ga bincike da dole ka kammala kafin shekara ta ƙare. Mai son ƙwarewa a abu ɗaya sai ya ƙara PGY2, kamar ciwon daji ko zuciya ko dashen ƙoda ko lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mu nan hanyar da ta fi kusa da wannan ita ce WAPCP, kwalejin ƙarin horon famasist ta Afirka ta Yamma, ofishinta na Yaba a Legas, ta haɗa Najeriya, Gana, Laberiya, Saliyo da Gambiya. Mataki uku ne, ana yin firamare, a yi pat wan, a yi pat tu, akwai lakca akwai horo ƙarƙashin manya akwai rubutun bincike, a ƙarshe mutum ya zama felo, wato cikakken ɗan kwalejin, kuma da shi ake neman matsayin kwansaltan, wato babban ƙwararre. Akwai ɓangaren aikin asibiti wanda shi kike nema, akwai na masu shago, na haɗa magani a kamfani, na lafiyar al'umma da na gudanarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne, likita in ya shiga rasidensi aiki ne aka ɗauke shi, albashinsa na tafiya, har doka aka yi musu kan kuɗin horon, mu kuwa yawanci kana aikinka ne kana cire kuɗin makaranta daga aljihunka kana roƙon oga ya sake ka ka je lakca. Wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya tun ba yau ba, amma dai ba shi kika tambaya ba.

Bari in ba ki labarin ranar da na gane me ake nufi da horon nan, don bayani a takarda ba ya shiga kamar abin da ya faru da mutum. Ina sabuwa fil a wani asibiti, aka ce in bi likitoci zagayen safe. Muka tsaya kan gadon wani dattijo ɗan shekara 70, siriri, kilo 50, ana masa allurar jentamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta ga kuma daikulofenak saboda ciwon gwiwa. Kwansaltan ya juyo ya ce toh famasi me kika gani? Wallahi ƙanwata na haddace jentamaisin tun aji uku, na san yana taɓa ƙoda yana taɓa ji, na ci jarrabawa a kansa, amma a gaban gadon nan bakina ya mutu murus, na ce ba komai sa. Da aka watse sai babbar da nake ƙarƙashinta ta ja ni gefe, ba faɗa ba komai, ta buɗe fayil ɗin ta nuna min sakamakon jini, kiriyatinin, wato gwajin da ke nuna aikin ƙoda, 1.4, ta ce lissafa min ƙarfin ƙodarsa. Na cire 70 daga 140, na ninka da 50, na raba da 72 sau 1.4, sai ga wajen 35. Lambar da na kalla na ce ai ba ta yi wani hawa ba ashe ƙodar tsohon nan ta yi rauni sosai, ga magani biyu masu cin ƙoda an haɗa masa. Ta ce koma ki faɗa musu. Na ce ni? Ta ce ke, ai mara lafiyarki ne. Haka na koma ƙafata na rawa na samu babban rajistara, likitan da ke bin kwansaltan, na ce Cif dan Allah na duba ƙodar Baba na gado na shida, lissafin ya ba ni 35, ko za a sake duba allurar nan da maganin gwiwar? Ya karɓi fayil ya duba, ya soke daikulofenak ɗin ya canza allurar, ya ce gobe ma ki zo zagaye.

Kin ga dai ba wani sabon ilimi na koya ranar ba, lissafin nan kema kin san shi. Abin da babu a aji shi ne ka buɗe fayil kafin a tambaye ka, ka je ka ga mutumin da idonka, ka kuma iya faɗa wa wanda ya girme ka ba tare da ka kunyata shi gaban ɗalibansa ba. Na ga masu ilimi sosai da aka daina gayyata zagaye saboda bakinsu ba linzami, suna shigowa kamar ƴan sanda sun zo kama mai laifi. Ki riƙa zuwa da hujja a hannu da murya ƙasa-ƙasa, kuma ki yi abota da nas-nas, su ne suka san wanda ya tofar da ƙwaya da wanda danginsa ke ɗura masa jiƙo da daddare.

Irin waɗannan abubuwan ne za su zame miki ruwan sha. Mai shan dolutegirabiya, maganin cutar ƙanjamau, in aka ɗora shi kan maganin tarin fuka mai rifamfisin, sai an mayar da miligiram 50 ɗin sau biyu a rana in ba haka ba maganin ba zai riƙe ƙwayar cutar ba. Jariri sabon haihuwa ba a haɗa masa allurar seftirayazon mai kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa mai kalsiyam irin Ringa. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce kan kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba 3 ake ba shi, kuma sau nawa na ga an manta. Fotashiyam kuwa ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, tsayar da zuciya yake. Duk wannan daga bayan taga ba za ki gani ba, don takardar da ke zuwa miki ba ta ɗauke da nauyin yaro balle sakamakon jininsa.

Shawarata, ki dage ki nemi intanship a asibitin koyarwa ko babban asibitin tarayya, ga Shika nan kusa da ke, ga na Malam Aminu Kano, ga na Sakkwato da Maiduguri, ki cika ko'ina don gurbin yana wuya kuma wasu sai sun yi watanni suna jira. In kin samu kar ki yi zaman jiran alawi, ki roƙa a tura ki wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta duk gyaran da kika kawo da abin da ya biyo baya, ranar intabiyu shi zai yi miki magana. Batun Abba kuma kar ki yi masa musu, shago ba abin rainawa ba ne, mutanenmu da yawa can suke fara zuwa kafin asibiti. Ki ce masa ya ba ki shekara biyu ko uku ki goge a asibiti tukuna, ki sa Umma ta taya ki, in ya so ko shagon kika buɗe daga baya mai hawan jini da mai suga za su san sun zo wurin wadda ta san ciwo.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina da digirin famasi na B.Pharm, na gama bautar ƙasa, burina in tafi Amurka in yi PGY1. Ta ina zan fara? Ɗanki daga Jos.

Amsa: Ɗana, ta haƙuri za ka fara, da kuɗi. Ba a tsallakawa daga nan a faɗa rasidensi, sai ka fara zama wanda zai iya riƙe lasisinsu. Ƙungiyar hukumomin famasi ta Amurka, NABP, ce ke tantance ƴan waje ta shirin FPGEC, kuma duk wanda ya gama daga 2003 zuwa yau sai karatunsa ya kai shekara 5, ka ga naka ya shiga. Za ka ci jarrabawar FPGEE ta auna karatunka da ta Turanci wato TOEFL, ka yi awannin aiki da jihar da ka zaɓa ta yanka, sannan jarrabawar lasisi ta NAPLEX da ta dokokin magani. Neman gurbin kansa ta shafin PhORCAS ake yi wajen ƙarshen shekara, a yi intabiyu, kai ka jera asibitocin da kake so su ma su jera mutanen da suke so, kwamfuta ta haɗa, sakamako ya fito a Maris a fara aiki wajen Yuli. Masu nema sun fi guraben yawa ko a tsakanin ƴan ƙasar, ga matsalar biza don ba kowane asibiti ke ɗaukar nauyin baƙo ba, kuma abin da ake biya a shekarar bai kama ƙafar albashin cikakken famasist ba. Ana yi, amma shekaru yake ci, saboda haka kar ka ajiye aikin da ke hannunka. Ka leƙa Saudiyya ma, suna da nasu rasidensin ƙarƙashin hukumar ƙwararrun lafiya ta ƙasar, Gana kuma tana da kwalejin famasist tata.

Tambaya: Hajiya, yarona yana karanta wani abu wai PharmD a jami'a, ya ce shekara 6 ne kuma dokta za a riƙa ce masa. Ke nan in ya gama na huta da layin asibiti? Wani uba daga Katsina.

Amsa: Ranku ya daɗe Alhaji, Allah ya raya shi, amma kar ku yar da katin asibitinku tukuna. Doktan harhaɗa magunguna ne, gano ciwo da aikin tiyata na likita ne. Abin da zai yi muku shi ne, in ya zo hutu ku juye masa duk ledar magungunanku a kan tabarma, na asibiti da na kemis da wanda aboki ya ba ku a masallaci da na gargajiyar da ke ƙarƙashin gado, kar ku ɓoye ko ɗaya. Zai ware wanda ya lalace, da wanda kuke sha sau biyu da suna daban-daban ba ku sani ba, da waɗanda ba sa shiri da juna, ya rubuta muku a takarda ku kai wa likitanku ranar da za ku koma.